Inda Ji Ya Kori Gani: Lacca A Kan Sauraron Cikin Teku



Tun da aka manna kan wannan lacca a allon sanarwa mun san akwai waɗanda suka karanta suka yi murmushi, suka ce a ransu, ina ruwan biri da gada? Garin da ko sunansa ma Dutse ne, wanda abin alfaharinsa dabino ne, wanda in mutum ya tashi daga cikinsa ya nufi bakin teku a Ikko sai ya ci fiye da kilomita 1,000 a mota, me ya haɗa shi da sautin da ke yawo a ƙarƙashin teku? Tambaya ce mai kyau, ba kuwa za mu kauce mata ba. Amsarmu ita ce, aikin sauraron teku rabinsa kaɗai ake yi cikin ruwa. Ɗaya rabin, watau fassara abin da aka jiyo, a tudu ake yinsa, da lissafi da kwamfuta da haƙuri. Wannan rabin kuwa babu abin da ya hana ɗan Dutse ko Kiyawa ko Jahun shiga cikinsa, sai dai in shi ya hana kansa.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake kasa kunne maimakon a zuba ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A tudu haka ne, amma a teku maganar juyewa ta yi. Hasken rana ba ya wuce zurfin mita 200 da wani ƙarfin kirki, daga mita 1,000 zuwa ƙasa kuwa duhu ne ƙirin dare da rana, alhali matsakaicin zurfin teku ya kusa mita 3,700. Igiyar rediyo da ke kawo mana labari daga Kaduna da Landan, da zarar ta shiga ruwan gishiri sai ta mutu nan kusa. Tauraron ɗan'adam da ke iya hango mota a kan titin Kiyawa ba ya ganin abin da ke can ƙasan ruwa. Abu guda ne ruwa ya yarda ya ɗauka ya kai nesa, shi ne sauti. A cikin iska sauti yana cin wajen mita 340 a sakan ɗaya, a ruwan teku kuwa wajen mita 1,500, watau ya ninka fiye da sau huɗu, ga shi kuma ba ya saurin gajiya. Duk wanda ya taɓa nutso a kududdufi yana yaro, abokinsa ya gwara duwatsu biyu a ƙarƙashin ruwa, ya san yadda ƙarar ke shiga kai sai ka ce a cikin ƙwaƙwalwa aka buga ta.

Awon wannan gudu na farko da masana suka amince da shi, a tafki aka yi shi, a ƙasar da ba ta da bakin teku ko taku ɗaya. A shekarar 1826 Daniel Colladon da Charles Sturm suka sa kwale-kwale biyu a Tafkin Janiba na ƙasar Suwizalan, tsakaninsu fiye da kilomita 13. A ɗaya aka rataya ƙararrawa cikin ruwa, aka shirya yadda sandar da za ta buge ta za ta kunna albarushi a lokaci guda. A ɗaya kuma Colladon ya zauna da agogo a hannu, da wani dogon ƙaho mai kama da kakaki wanda ya tsoma bakinsa a ruwa ya kafa kunne a ɗaya bakin. In ya ga walƙiyar albarushi sai ya soma ƙirga, in ya ji ƙararrawa sai ya tsaya. Suka sami mita 1,435 a sakan. Na'urorin zamaninmu, da duk tsadarsu, mita uku kacal suka gyara musu.

Daga nan sai da masifa ta tura kafin aka ƙara gaba. Jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a 1912, mutum fiye da 1,500 suka halaka. Bayan shekara biyu Reginald Fessenden ya gwada wata na'ura mai aika sauti cikin ruwa ta jira amsa-kuwwa, har ta gano dutsen ƙanƙara daga nisan wajen kilomita uku. Yaƙe-yaƙen duniya biyu kuma suka sa farautar jiragen ƙarƙashin teku ta zama maganar rai da mutuwa, aka zuba kuɗi, aka ƙera makirfon ruwa, wanda a wannan lacca za mu riƙa kira kunnen ruwa.

A cikin yaƙi na biyu ne, a 1944, Maurice Ewing da Joe Worzel na Amurka suka tabbatar da wani abu da ya kamata mu tsaya a kansa, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Gudun sauti a ruwa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Sanyi yana rage shi, nauyin ruwan da ke danne daga sama yana ƙara shi. In ka gangara daga saman teku, ruwa yana ta ƙara sanyi, sauti yana ta rage gudu. Amma in ka kai zurfin wajen mita 1,000, sanyin ya kusa iyakarsa, nauyi kuwa ƙaruwa yake ta yi, sai gudun ya soma hawa kuma. Ke nan a tsakiya akwai wani falle na ruwa inda sauti ya fi tafiya a hankali. Ɗabi'ar sauti kuwa ita ce kullum yakan lanƙwasa ya nufi inda gudunsa ya fi ƙanƙanta. Saboda haka sautin da ya shiga wannan falle, in ya nufi sama sai ya lanƙwaso, in ya nufi ƙasa sai ya lanƙwaso, ba ya taɓa saman ruwa balle ya tarwatse, ba ya taɓa taɓon ƙasa balle ya shanye shi. Ku ɗauke shi kamar burtali mai shinge hagu da dama: garken da ya shiga ba shi da wurin fanɗarewa, sai dai ya miƙe har inda burtalin ya ƙare. Kusan irin wannan dalili ne ya sa da daren hunturu, sa'ad da iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, akan ji gangar bikin ƙauyen da da rana ko ƙuriya ba a ji daga gare shi. Ewing da Worzel sun fasa ɗan ƙaramin nakiya a cikin wannan burtali aka jiyo shi daga nisan fiye da kilomita 1,000. Wani masanin Tarayyar Sobiyat, Leonid Brekhovskikh, shi ma ya gano abin da kansa ba da daɗewa ba. A watan Janairu na 1991 aka yi gwajin da ya fi kowanne: aka saki sauti daga kusa da Tsibirin Heard, can kudancin Tekun Indiya, aka jiyo shi a gabas da yammacin Amurka ta Arewa, nisan da ya kai kilomita 18,000, bayan tafiyar sa'a uku da 'yan kai.

Sojan ruwan Amurka ba su yi wasa da wannan ilmi ba. Tun cikin shekarun 1950 suka shimfiɗa kunnuwan ruwa a asirce don bin sawun jiragen Sobiyat. Amma kunne ba ya zaɓen abin da zai ji. Wani injiniya mai suna Frank Watlington, da ke aiki a tsibirin Bamuda, ya riƙa ɗauko wani irin kuka mai tsawo, mai hawa da sauka, wanda ba na inji ba ne. Ashe muryar dabbar nan ce da Turawa ke kira wel, mu kuwa mu ce mata giwar teku, amma kada a haɗa ta da giwan ruwa na kogunanmu, domin ita ba kifi ba ce, haihuwa take yi ta shayar. A 1971 Roger Payne da Scott McVay suka nuna cewa kukan yana da tsari, yana da baituka da ake maimaitawa. Faifan da aka buga na wannan murya ya taimaka ƙwarai wajen juya ra'ayin jama'a, har aka tsai da shawarar dakatar da farautar dabbar don ciniki a 1982. Abin da aka kafa don yaƙi, sai ga shi ya ceci dabba.

To, yanzu mu matso gida. A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta fasa bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, watau cikin Saharar da hazonta ke sauko mana kowane hunturu. Ta sake, ta kuma sake kafin shekarar ta ƙare. A watan Janairu na 1961, Nijeriya tana da wata uku da samun mulkin kai, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Ikko. Jarumtaka ce, babu shakka. Amma ku lura, wancan gwaji a fili aka yi shi, Faransa da bakinta ta sanar. Ƙaƙa za a yi da wanda ya ɓuya a ƙarƙashin ƙasa ko a tsakiyar teku ya fasa nasa, sa'an nan ya ce bai yi ba? Yarjejeniyar da ba ta da mai gadi takarda ce kurum.

Wannan ne ya sa, da aka buɗe yarjejeniyar hana gwajin nukiliya baki ɗaya a 1996, wadda Nijeriya ta tabbatar da amincewarta da ita a 2001, aka tsara mata tashoshin tsaro 321 a faɗin duniya. Waɗansu suna jin motsin ƙasa, kamar wadda ke Torodi a Jamhuriyar Nijar, waɗansu suna shinshinar iska. Na sauraron teku kuwa 11 ne tak. Tashoshi 11 ga ruwan da ya rufe kashi 70 cikin 100 na duniya! Burtalin nan ne ya sa suka wadatar. Shida daga cikinsu kunnuwan ruwa ne na sosai, an ɗaure su da anka a ƙasan teku, wani tulu mai iska yana riƙe da su tsaye a tsakiyar burtalin, uku-uku kamar duwatsun murhu, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa wajen kilomita biyu, igiyar waya kuma ta kai abin da suka ji tudu. Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta Tsibirin Ascension, wanda ke hannun Ingila, a tsakiyar Tekun Atilantika. Sauran biyar ɗin a kan tsibirai aka kafa su, suna jin girgizar dutse. Sautin da ya taho cikin ruwa in ya bugi gindin tsibiri mai gangare sosai, sai dutsen ya ɗauka ya amsa. Wanda ya taɓa zuwa Birnin Kudu ya ga duwatsun nan masu amo, waɗanda in an buge su da dutse suke tashi kamar ƙuge, waɗanda Bernard Fagg ya ba duniya labarinsu a tsakiyar shekarun 1950, ba zai yi mamakin a ce tsibiri guda ya zama ganga ba.

Duk abin da tashoshin nan suka ji, tauraron ɗan'adam ne ke kwashe shi nan take ya kai cibiya ɗaya. Ina cibiyar take? A Biyana, babban birnin Ostiriya, ƙasar da ita ma ba ta da teku. Can ne masu nazari ke zaune a ofis, cikin rigar sanyi, suna sauraron Atilantika.

Mun ce sauraro, amma gaskiya da ido ake yin yawancinsa, kuma nan ne ainihin sana'ar take. Kowane sauti karkarwa ce. Mai kauri yana karkarwa sau kaɗan a sakan, siriri sau da yawa. Kunnen ɗan'adam yana ji daga karkarwa 20 zuwa 20,000 a sakan, tashoshin nan kuwa daga 1 zuwa 100 suke kamawa, domin sauti mai kauri shi ya fi nisan zango. Abin da ke isowa a wayar kwamacala ce, jirgi da iska da dabba da girgizar ƙasa duk a cakuɗe. Sai a sa masa lissafin da Joseph Fourier na Faransa ya wallafa a 1822, wanda aikinsa aikin rariya ne: a tankaɗe, gari ya bi nan, tsaki ya bi can. Abin da ya fito sai a zana shi, lokaci a kwance, kaurin murya a tsaye, ƙarfi kuwa da launi. Wannan shi ne hoton sauti, kuma kowane mai sauti da irin sawunsa a kai. Jirgin ruwa layuka ne dogaye miƙaƙƙu, saboda injinsa juyi ɗaya yake maimaitawa. Girgizar ƙasa takan taso a hankali, ta cika, ta lafa a hankali. Giwar teku takan maimaita baitinta. Fashewar nakiya kuwa farat ɗaya ce, ta cika kowane mataki daga mai kauri har siriri, sa'an nan ta bar wata alama da ba ta ɓuya: kumfar hayaƙin da ta haifar takan kumbura, ruwa ya matse ta, ta sake kumbura, kowane bugu da ƙararsa. Daga tazarar da ke tsakanin bugun nan ake ƙiyasta girman nakiyar da zurfin da ta fashe.

Mu da harshenmu ke rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya, mu da makaɗin kalangu zai matse tsarkiya ya kira sunan mutum a tsakiyar taro mutumin ya waiwayo, bai kamata wannan aiki ya zame mana baƙo ba. Wanda ya iya cire kirarin gidansu daga hayaniyar kasuwar Shuwarin ya riga ya san abin da ake nufi da tsamo sigina daga cikin surutu. Saura ya koyi rubuta shi da lissafi.

Sanin wurin da sautin ya fito shi ma lissafi ne, mai sauƙi ma kuwa. Sautin yakan riga isa kunne ɗaya cikin ukun nan kafin sauran, da tazarar da ba ta wuce sakan ɗaya da ɗan ɗori ba. Daga wannan tazara ake fitar da shiyyar da ya ɓullo, a ja layi a taswira. Wata tasha ita ma ta ja nata. Inda layukan suka gicciye, nan abin ya auku.

Ga misalin ranar da aka ci moriyar wannan. A ranar 15 ga Nuwamba, 2017, jirgin ƙarƙashin teku na sojan Ajantina mai suna San Juan ya ɓace da mutum 44 a cikinsa. Ƙasashe da yawa suka aika jiragen sama da na ruwa, aka yi ta nema babu labari. Masu nazari a Biyana suka koma cikin abin da tashoshinsu suka ɗauka a wannan rana, suka tarar da wata ƙara gajeriya, mai ƙarfi, wadda ba ta yi kama da girgizar ƙasa ba. Tashar Ascension ta ji ta daga nisan wajen kilomita 6,000, watau sautin ya yi fiye da sa'a guda yana tafiya kafin ya iso. Tashar Tsibiran Crozet, can cikin Tekun Indiya, wadda a shekarar nan ma aka gama amincewa da ita, ita ma ta ji. Aka ja layi biyu, aka ba hukumomin Ajantina wurin. Bayan shekara guda, a Nuwamba 2018, aka sami gawar jirgin a zurfin mita 900 da 'yan kai, ba nisa da inda layukan suka haɗu. Ba a ceci kowa ba, domin nauyin ruwa ya riga ya murƙushe jirgin tun ranar farko, ƙarar murƙushewar ce ma aka ji. Amma iyalai 44 sun san inda nasu suke kwance. Shugaban hukumar a lokacin, wanda ya tsaya gaban duniya ya yi bayani, shi ne Dokta Lassina Zerbo, masanin kimiyyar ƙasa, mutumin Burkina Faso. Ya riƙe cibiyar nazarin tun 2004, ya shugabanci hukumar daga 2013 zuwa 2021. Ɗan Sahel ne kamarmu, ƙasarsu ma ta fi tamu rashin teku, tun da mu aƙalla muna da gaɓa mai tsawon kilomita 853.

Wannan gaɓa ita ce ta kai mu ga maganar aljihu, wadda ta shafi ma'aikatan da ke cikinmu. Kason da jiharmu ke karɓa daga asusun tarayya, wanda daga cikinsa ake biyan albashi a sakatariya, babban ɓangarensa kuɗin man fetur ne, man nan kuwa da yawansa daga cikin teku ake haƙo shi. Rijiyoyin Bonga, alal misali, waɗanda suka soma aiki a 2005, suna da nisan wajen kilomita 120 daga gaɓa, cikin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Da me aka gan su? Da sauti. Jirgi ne ke jan bindigogin iska suna bugawa kowane sakan 10 zuwa 15, dare da rana, wata da watanni, ƙarar ta ratsa ƙasan teku ta dawo, dubban kunnuwan ruwa da jirgin ke ja a baya su ɗauka. Haka kuma da awon sauti Nijeriya ta kafa hujja a gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya, har a 2023 aka amince a ƙara mata ƙasan teku mai faɗin murabba'in kilomita 16,300, wajen kashi bakwai cikin goma na faɗin Jigawa duka, ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. A ranar 14 ga Maris, 2024 kuma, igiyoyin intanet huɗu suka tsinke a ƙarƙashin teku daura da Kodibuwa, bankuna suka tsaya cik, mai sayen shinkafa a Dutse ya tsaya gaban mai POS yana jiran abin da ya faru a wurin da bai taɓa gani ba. Masana kuwa sun riga sun nuna cewa zaren gilashin da ke cikin irin igiyoyin nan shi kansa ana iya mai da shi kunne mai tsawon kilomita da yawa. A Nowe an yi amfani da shi a 2020 aka bi sawun giwayen teku.

Ƙasarmu ba ta zauna hannu rabbana ba. Akwai Cibiyar Nazarin Teku ta Ƙasa a Ikko tun 1975, sojan ruwa sun karɓi jirgin awon teku mai suna Lana a 2021, an kuma kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku a 2023. Amma a ganinmu jirgi da gini su ne ɓangare mai sauƙi, kuɗi ke sayensu. Mutumin da zai karanta abin da jirgin ya jiyo, ya gane kuskuren ɗan kwangila, ya ce a'a wannan lissafi bai yi ba, shi ba a sayensa a kanti, rainonsa ake yi shekara da shekaru. Ƙasar da ta dogara da haya wajen jin abin da ke ƙarƙashin ruwanta, abin da aka ga dama za a gaya mata. Tun da arzikin tekun na tarayya ne, aikin tsaronsa ma na tarayya ne, bai kamata ɗaliban arewa su bar wa na kudu shi don kawai su ne suka tashi suna ganin igiyar ruwa ba.

Akwai kuma ɓarnar da ƙarar ke yi, kada mu ɓoye. Giwayen teku masu doro sukan zo Mashigin Gini daga kudu da damina su haihu, a ruwan da bindigogin iska ke bugawa. An ɗauko ƙarar bindigogin nan a tsakiyar Atilantika daga nisan kusan kilomita 4,000. Dabbar da da murya take neman mijinta da ɗanta, ku ƙiyasta halin da take ciki.

To, wanda ba shi da jirgi, a ina zai koyi sana'ar? A ruwan da ke kusa da shi, yadda Colladon ya yi. Ruwayenmu ba bebaye ba ne. Kowane masunci a Kogin Haɗeja ya san kurungu yana kuka in an ciro shi daga koma. Ƙayar gefensa yake gogawa a gurbinta, kuma a cikin ruwa ma yana yi. Namijin karfasa yana gurnani in yana tsaron gurbin ƙwai. Tarwaɗa da danginta suna da waɗansu ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iskar cikinsu da kunne, shi ya sa jinsu ya fi na yawancin kifaye. A fadamun Kogin Kwara a ƙasar Mali, John Crawford da abokan aikinsa sun ɗauki muryar wani ƙaramin kifi cikin shekarun 1990, suka tarar namijin da dare yake rera wa tamatar kiransa a lokacin ambaliya. A Tafkin Ossa na Kamaru an sa kunnuwan ruwa an ɗauki muryar ayu, dabbar da ganinta ke da wuya ƙwarai, aka wallafa sakamakon a 2021. Duk da haka, cikin nau'in kifi fiye da 34,000 da aka sani a duniya, wajen 1,000 ne kawai aka tabbatar da muryarsu ya zuwa 2022. Fili ne mai faɗi, ga shi kusan babu kowa a cikinsa.

Amfanin kuwa ba na sha'awa kaɗai ba ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke sauka fadamun Haɗeja da Nguru ya sake, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, masunta da manoma da makiyaya duk sun ji a jikinsu. Ruwanmu jaja ne, mai laka, ido ba ya ratsa shi ko kamu ɗaya. Mai son sanin ko kifi na hayayyafa a wani wuri, hanyar da aka saba ita ce ya jefa taru ya kama, watau ya kashe abin da yake ƙirgawa. Kunnen ruwa kuwa a ɗaure shi a turke a bar shi mako guda, ba ya barci, ba ya neman alawus, ba ya korar kifi. Na'urar amsa-kuwwa irin ta Fessenden, wadda yanzu ta ƙanƙance har ana ɗaura ta a kwale-kwale, ita ake auna yawan yashi da taɓon da suka cike madatsa da ita. Wanda ya tuna ambaliyar 2022 a wannan jiha ya san tambayar nan, ruwa nawa madatsa ke iya riƙewa yau, ba tambayar malaman jami'a kaɗai ba ce.

Wani zai ce, jihar da ke fama da makarantu da asibitoci, ina ita ina sauraron kifi? Da abin na bukatar miliyoyi ne da mun yarda da shi. Amma akwai 'yar na'ura mai suna HydroMoth, ba ta kai tafin hannu ba, da batir uku take aiki, kuɗinta bai kai na babbar wayar hannu ba. Manhajar Audacity, wadda ke zana hoton sauti, kyauta ce. Hukumar da ke Biyana ma takan ba masu bincike damar shiga taskarta ba da biya ba in sun sa hannu a kan sharuɗɗa. Daga wannan taska ce masana a Ostireliya suka gano wani garken giwayen teku da ba a san da shi ba a Tekun Indiya, a 2021, ba tare da sun jiƙa ƙafa ba. Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin nan a 2011 tana da ɗaliban lissafi, da na fizik, da na kwamfuta, da na nazarin kifi. Mutum huɗu, ɗaya daga kowane sashe, sun isa su fara.

Sai dai mu gargaɗe su, abin da ke kashe irin wannan aiki sakaci ne da rubutu. Sautin da ba a rubuta ranarsa da sa'arsa da wurinsa da zurfin ruwan ba, hayaniya ce kawai. A soma da madatsar Warwade da ke nan kusa, a koyi bambanta ƙarar injin ban-ruwa da ta kwaɗi da ta ƙwarin ruwa, domin su ma suna da murya, sun kuwa fi kifi surutu. In hannu ya faɗa, sai a nufi wajen Miga ko Kafin Hausa ko Baturiya. Kada a tsoma kome a ruwa sai an gai da Sarkin Ruwa an nemi izninsa, a kuma zauna da tsofaffin masunta a kunna musu abin da aka ɗauko, domin kunne ya girmi kaka, su ne za su ce wannan kurungu ne, wancan kuwa ba kifi ba ne. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Agusta da Satumba, sa'ad da ruwa ya hau fadama kifi ke zuba ƙwai, a kafa na'urar kafin magariba, a bar ta har hantsi.